Tiyar Kusada

Shekara goma sha tara na yi ina auna garin gero a masana'antar Alhaji Nagoggo da ke Kankiya. Inji ya koyi aikin tsakanin hantsi da azahar. Ina tsaye ina kallo, hannuwana a baya, kamar wanda ya zo duba gonar da ya riga ya sayar.

Masana'antar ba wata babba ba ce. Muna sayen gero da dawa wurin manoman Tafashiya da Fakuwa da Kafinsoli, a surfa, a wanke, a shanya, a niƙa, a ƙulla a leda, a kai wa masu shaguna. Masu fura da masu koko su ne manyan abokan cinikinmu. A jikin kowace leda an rubuta "tiya ɗaya", ni ne kuma mai tiyar. Ina zaune bisa turmin da aka kife, in ɗiba, in shafe baki, in juye, in miƙa wa mai ƙullawa. Da la'asar in koma gida fari fat. Maiɗakina Hadijatu ta ce har yau ba ta san ranar da na fara furfura ba, don tun muna amarci da ita nake shigo mata.

Sai Rauda ta dawo daga karatu. Ɗiyar Alhaji ce, wadda na sha korarta daga kan buhuna tana ƙarama. Ta dawo injiniya, ta zauna wa mahaifinta a wuya har ya sayo injin. Gaskiya abin kallo ne. Gari ya gangaro ta mazurari, sikeli ya auna, leda ta buɗe baki da kanta, ƙarfe mai zafi ya liƙe ta, a buga mata lamba, bel ɗin da ke jan kaya ya wuce da ita. Kowace leda da lambarta, kamar motar haya. A ofis kuma akwai kwamfuta da ke riƙe da labarin kowace ɗaya: yaushe aka cika ta, nawa nauyinta, wace mota ta ɗauke ta, wane shago ta sauka. Daga wannan labari ne kwamfutar ke faɗa mana yawan lodin da za a kai kowane gari, tun kafin masu shagunan su buɗe baki.

Ranar da za a saita injin, Rauda ta kira ni.

Ta ce, "Baba Badaru, inji bai san tiya ba, kilo ya sani. Auna mani tiya goma yadda ka saba, in ɗora a sikeli."

Na auna mata. Sai dai na yi irin awon da mutum yake yi idan ana kallonsa. Kowace tiya na shafe mata baki sumul, ko ƙwayar gari ba ta leƙo ba. Ta ɗora, ta rubuta, ta danna wa inji. Ta ce, "Shi ke nan, ya koyi hannunka." Na ce madalla. A raina na ce rabin hannun dai.

Ga abin da ban faɗa mata ba. Tun shekarata ta farko a wurin, duk ranar da nake auna lodin Kusada, ba na shafe baki. Sai in yi wa tiya tozo, in tare gefe da tafin hannu, in juye. Dalili kuwa Adda Zuhura ce, ɗiyar kawuna, taubashiyata, wadda ke da shago a Kusada, kuma kusan duk masu furar da ke sayen garinmu a can ta hannunta suke saye. Ita ta tare ni a wani suna, a gaban mutane, ta ce matan da ke saye wurinta ba su yarda da rubutun jikin leda ba. Kowace sai ta koma gida ta juye a tata tiyar, kuma su awonsu da tozo ne da tarin hannu. In gari bai tsaya ya yi tsini ba, to an tauye mudu. Ta ce, "Kai da Alhajinka ku shirya amsar da za ku bayar ranar gobe." Ina da shekara ashirin da bakwai lokacin, kunya ta kama ni, na fara ƙara hannu.

Ban faɗa wa Alhaji ba, don abin bai taka kara ya karya ba. Bayan shekara biyar ban faɗa ba don na makara. Bayan shekara goma kuwa, ni kaina in na kwanta na auna abin, sai in ga sunansa ya fara kama da sata.

Da inji ya karɓe turmina, Alhaji bai sallame ni ba, Allah ya saka mashi. Aka ba ni hanyar Kusada. In bi Manu direba a mota, in sauke lodi, in haska lambar kowace leda da wayar da aka ba ni. In an maido da kaya, in haska, in zaɓi dalili. Dalilan huɗu ne a jere: leda ta fashe, gari ya lalace, ba a saya ba, sai na ƙarshe, "wani dalili", wanda in ka taɓa shi sai ya buɗe maka fili ka rubuta da kanka.

Sati na biyu muka tarar da Adda Zuhura zaune ƙofar shago, leda ashirin da shida jere a gabanta kamar 'yan makaranta.

Ta ce, "A'a, ga bawana ya iso. An ba shi waya ya zama ma'aikaci."

Na ce, "Adda, ina kwana. Waɗannan fa?"

"Naku ne. Kwashe."

Ta jawo tiya daga ƙarƙashin benci, ta farke leda ɗaya, ta juye. Gari ya kwanta daidai baki, lafiyayye, ba tozo ba alamarsa. Ta dube ni, ta dubi tiyar.

"Wannan kan naka ne, Badaru, sanƙo. Mu mai gashi muke saye."

Manu yana cikin mota yana jin rediyo, bai ji ba. Na kwashe ledojin na zuba a baya. Muka kama hanya, muka tsaya gindin wata tsamiya inda Manu ke sayen rake, na fiddo waya. Na daɗe ina kallon "wani dalili". In na rubuta tiya ba ta cika ba, Rauda za ta ce ai awona ne inji ya koya. In na ce a da ina ƙara hannu, Alhaji zai ce da izinin wa. Na ɗaga yatsa na taɓa na farko. Leda ta fashe. Sau ashirin da shida.

Ka'idar masana'anta ita ce duk garin da ya fita ya dawo ba ya komawa inji, sai a juye shi a duron dusa a sayar wa masu kiwo. Ni ke juyewa. Na sa reza na farke su ɗaya bayan ɗaya. Ina farkewa ina lallashin kaina cewa ban yi ƙarya ba, na dai riga gaskiya isowa ne da awa biyu.

Haka muka yi ta yi. Wani satin talatin, wani arba'in. Adda ba ta daina karɓar kaya ba, don akwai masu saye don tuwon gida waɗanda ba su damu ba, amma masu fura suka fara janyewa. Ni kuma gindin tsamiya ya zama ofishina.

Abin da ban hango ba shi ne, kwamfuta tana yarda da mutum. Duk abin da ka faɗa mata sai ta ɗauka ta riƙe, ta kai wa Rauda da safe a zane, da jan layi. Rauda ta ga leda na fashewa, ta kwance maliƙin inji ta sake ɗaurawa. Ba ta daina fashewa ba. Ta ƙara zafin ƙarfen. Ta sauya leda, aka kawo mai kauri wadda ni da reza ma sai na yi da gaske. Ba ta daina fashewa ba. Na ga yarinyar nan tana cin abincin rana a tsaye gaban inji tana harararsa, shi kuwa bawan Allah yana ta aikinsa.

Daga nan zargi ya koma kan Manu. Aka ce gudu yake yi a gargada. Aka liƙa wa motarsa wata 'yar na'ura mai faɗin gudunsa da duk ramin da ya faɗa. Manu, wanda akuya ma in ta ga dama tana wuce shi, ya yi fushi.

Ya ce mani, "Malam Badaru, kai ne shaidata. Ni ina gudu?"

Na ce, "Wallahi ba ka gudu."

"To me ke fasa ledar nan?"

Na ce, "Ikon Allah." Ya dube ni, ya ci gaba da shan rakensa. Ranar ko tayin raken bai yi mani ba.

A wata na uku Alhaji ya tara mu a ofis. Shi mutum ne mai magana a hankali, yana yi yana gyara zaman hularsa. Ya ce hanyar Kusada ta zama wahala, abin da ake kaiwa kashi ɗaya cikin huɗu yana dawowa duron dusa. In wata ya ƙare ba a gane kanta ba, za a rufe ta. Manu zai koma taya masu ɗauko hatsi daga ƙauye. Sai ya dube ni, ya gyara hula sau biyu.

"Kai kuma, Malam Badaru, ka yi mana ƙoƙari. Sai mu ga abin da Allah zai yi."

Duk wanda ya yi aiki ƙarƙashin wani ya san fassarar wannan. Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare.

Na koma gida da wuri. Hadijatu tana tsakar gida tana tsince shinkafa. Ita kaɗai ta san zancen tozo, don ita ba a ɓoye mata abu, tana gani a tafiyar mutum. Na faɗa mata yadda aka yi.

Ta ce, "To, Malam, yanzu in ka yi shiru?"

"Aiki ya tafi."

"In ka faɗa?"

"Aiki ya tafi, da mutunci."

Ta ɗaga faranti ta bakace, ta ce, "Wane mutuncin? Wanda ka bari ana zagin Manu da shi?" Ta ci gaba da tsintarta. Na tsaya ina jiran sauran maganar, babu. Shekara kusan ashirin ke nan tana yi mani haka, har yau ban saba ba.

Na so in ce washegari na tashi da jaruntaka na tafi na faɗi gaskiya. Ban tafi ba. Kwana uku na yi ina shiga ta ƙofar baya. Rauda ce ta aiko a kira ni.

Na same ta ita kaɗai a ofis, ta juyo mani da allon kwamfuta, ta jawo mani kujera. Ni dai in yaro ya jawo mani kujera na san ba alheri.

Ta ce, "Baba, zo ka taya ni duba wani abu. Ka ga wannan? Hanyar Fakuwa ce. Na'urar motar ta ce ta fi ta Kusada ramuka nesa ba kusa ba. Leda nawa ta fashe a can cikin wata uku?"

Na matso da fuska, don tabarau na gida, ba na zuwa da shi wurin aiki kada a ce na tsufa. Na ce, "Kamar biyu."

"Biyu. Kuma leda iri ɗaya ce, inji ɗaya ya liƙe su, wasu ma a minti ɗaya. Mai lamba ta gaba ta je Fakuwa lafiya, mai bi mata ta je Kusada ta fashe." Ta taɓa wani wuri. "Sannan wayarka tana faɗin inda take duk lokacin da ka danna. Ledojin nan ba a shago suke fashewa ba, ba a hanya ba. Duk a wuri ɗaya suke fashewa, cikin minti uku, da misalin ƙarfe ɗaya. Na tambayi Manu me ke wurin, ya ce mai rake."

Na ce, "Raken wurin yana da kyau."

Ba ta yi dariya ba, amma na ga ta cije leɓe.

"Baba, ni ban kai wa Alhaji wannan ba. Kwamfuta ta gane ba fashewa ba ce, iyakarta ke nan. Ba ta san mece ce ba, ni ma ban sani ba. Na yi wata uku ina gyaran abin da bai lalace ba. In ka sani, ka taimake ni."

Da ta yi mani faɗa da na ji sauƙi, ina da amsoshi uku da na tanada. Wannan kuwa ban tanadar mata komi ba. Na dubi yarinyar da na sha kora daga kan buhu, idonta ya faɗa, hannunta duk baƙin mai. Na ce, "Gobe ki biyo mu Kusada. Ki taho da ƙaramin sikelinki."

Muka tafi mu uku a gaban mota, Manu yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, don ɗiyar mai gida ta gani da idonta. Adda Zuhura na ganinmu ta miƙe.

"Lale da ɗiyar Alhaji! Ke ce mai injin? Zauna nan, 'yar nan, kada ki zauna kusa da wancan, rowa ana ɗauka."

Na ce, "Adda, nuna mata."

Ta jawo tiya, ta farke leda, ta juye. Gari ya kwanta daidai baki. Rauda ta ce, "To ai ta cika, Hajiya."

"Ta cika a Kankiya." Adda ta farke wata ledar, ta dinga barbaɗawa a sama har gari ya yi tsini, ta tare gefe da tafin hannu, ta ƙara. "Ga tiya. Haka uwata ta saya, haka nake sayarwa. Mai fura ta san dunƙule nawa ke fita a wannan. In ta dama taku, sai ta ga babu biyu ko uku, ribarta ke nan ta tafi. Ba za ta zo ta yi maku faɗa ba, sai dai ta ce mani, Adda, a mayar masu, Allah ya kawo kasuwa."

Rauda ta ce, "Amma a da ba a maidowa."

"A da ai wannan mai sanƙon yana da hannu." Ta nuna ni da haɓa. "Shekara goma sha tara yana yi mana tozo. Shi ne kaɗai abin kirkin da dangi suka sani game da shi."

Na so ƙasa ta buɗe, amma ƙasar Kusada tauri gare ta. Manu, da ya sauko ya jingina da mota, ya ce, "Au! Wato ni ake ta..." Bai ƙarasa ba. Ya cire hula ya mayar.

Rauda ta buɗe jakarta. Ta ɗora sikeli bisa benci, ta roƙi Adda ta auna mata sau goma. Adda ta aika aka kira masu fura uku, kowace ta zo da tiyarta a lulluɓe cikin mayafi kamar za a ƙwace. Suka auna, Rauda tana rubutawa, suna gardama a kan wadda hannunta ya fi albarka. Wata tsohuwa ta ce ita a faɗa wa injin, in zai yi awo ya yi bisimilla. Rauda ta ce za ta faɗa mashi. Sai da muka kusa Kankiya ta yi mani magana.

"Baba, kai za ka faɗa wa Alhaji ko ni?"

Na ce, "Ni." Murya ta fito ƙarama, amma ta fito.

Mun same shi bayan la'asar a ofis. Na ƙi kujera, na tsuguna. Na faɗa mashi tun daga sunan da Adda ta tare ni har zuwa reza da duron dusa. Ban rage komi ba, sai dai zancen sanƙo. Yana ji yana gyara hula, har na ƙirga sau bakwai. Da na gama, ana jiyo ƙarar inji daga ciki, tas, tas, yana liƙe leda.

Rauda ta ce, "Alhaji, kafin ka yi magana." Ta juyo mashi da allo. Ashe tun da ta dawo ta sa an shigar da tsoffin littattafan lodi cikin kwamfuta, na shekara da shekaru. Ta nuna mashi cewa duk garuruwan da muke kai kaya, babu inda ba mu taɓa rasa shago ba, musamman shekarar da wasu suka kawo gari mai araha daga birni. Kusada ce kaɗai ko mutum ɗaya bai bar mu ba, sai ma ƙaruwa. Ta ce ta daɗe tana neman dalili a cikin alƙaluma ba ta samu ba, ashe dalilin yana tsugune a gabansa. Ta kuma ce garin da inji ya hana zubewa ƙasa, da wanda a da yake bin gemun ma'aikata zuwa gida, ya fi ƙarfin tozon Kusada.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya juyo.

"Malam Badaru."

"Na'am, Alhaji."

"Shekara goma sha tara kana cika wa mutane mudu da garina."

"Haka ne, Alhaji."

"Ba ka faɗa mani ba."

"Ban faɗa ba."

Ya buga tafin hannu a tebur, abin da ban taɓa gani ya yi ba. "To ladan fa? Ni da gari, kai da lada? Da ka faɗa mani ai da na yi niyya! Shekara goma sha tara, ko niyyar rana ɗaya ban samu ba!"

Na ɗago. Da gaske yake, har jijiyar wuyansa ta tashi. Na ce, "Alhaji, ai ana iya yi yanzu, Allah mai karɓa ne."

"Kai za ka koya mani?" Ya gyara hula. "Wancan na yafe, je ka da shi. Amma reza ban yafe ba tukuna. Ka bar yarinyar nan tana kwance inji, ka bar Manu yana shan zargi. Tashi ka nemo shi, a gabana za ka ba shi haƙuri."

Na nemo Manu, na ba shi haƙuri a gaban Alhaji. Ya ce ya haƙura, amma daga yau ni zan riƙa sayen rake. Har yanzu ni ke saye.

Alhaji ya ce ba za a rufe hanyar ba sai an gwada wata guda. Rauda ta ƙara wa inji awo na biyu. In za a cika lodin Kusada, sai mai kula da shi ya taɓa allo, inji ya ƙara daidai abin da matan nan suka auna, ya buga wa ledar jan layi don kada a haɗa ta da sauran. Ta ce in zo in ga sunan da ta sa wa awon. Ranar na zo da tabarau a aljihu, na juya baya na saka. An rubuta "Hannun Baba". Na ce mata rubutun ya yi ƙanana, shi ya sa idona ke ruwa.

Ranar da muka kai lodin farko mai jan layi, Adda ta jawo tiya ba ta ko amsa gaisuwata ba. Ta farke, ta juye, ta tare gefe da hannu. Gari ya hau, ya yi tsini, ya tsaya. Ta farke ta biyu, haka. Ta uku, haka.

Ta ce, "Ikon Allah. Badaru, wannan ya fi ka. Kai wata rana in kun yi faɗa da Hadijatu a tiya muke gani."

A watan gwajin, leda huɗu aka maido daga Kusada. Uku ɓera ne ya huda su a shago. Ɗaya kuwa da gaske ta fashe, Manu ne ya taka ta. Na haska ta, na taɓa "leda ta fashe", karon farko ke nan da na danna wurin da gaskiya. Da wata ya cika Alhaji bai tara kowa ba. Ya dai wuce ni a bakin sito, ya ce gobe a ƙara wa Kusada lodi, kwamfuta ta ce masu fura sun dawo har da ƙari.

Yanzu an ƙara mani aiki. Rauda ta ba ni ƙaramin sikelin, ta ce duk garin da muka shiga in nemi masu fura su auna mani tasu tiyar, in shigar a waya. Ta kuma ƙara dalili na biyar a jerin: tiya ba ta cika ba. Ta sa shi a sama, inda yatsana ya saba zuwa. Satin jiya na danna shi a wani shago a Tafashiya, a gaban mai shagon, ba gindin tsamiya ba. Kafin mu iso Kankiya har ta kira ni tana tambaya tozo ne ko tarin hannu.

Na ce mata ta bari in iso, wannan ba zancen waya ba ne. Sai na nuna mata da hannu.